Idan annoba ta share turke: yadda ƙungiya za ta tsaya wa 'yar uwa

Akwai shekarar da mace za ta kwanta da awaki bakwai a turke, kafin sati biyu ya cika ta wayi gari da igiyoyi kawai. Duk wadda ta daɗe tana kiwo a karkara ta ga irin wannan, ko a gidanta ko a gidan maƙwabciya. Ana fara jin tari a garke, sai majina, sai zawo, sai a fara jan mushe zuwa bayan gari. Idan abin ya lafa, maza su koma maganar taki da farashin hatsi, malamin dabbobi ya hau babur ɗinsa ya tafi. Matar da ta yi asarar kuwa a bar ta da abin da ke cinta a zuci.

Wannan babi a kan wannan matar yake. Za mu yi maganar cutar kaɗan, amma abin da muka fi so ku ɗauka shi ne yadda ake zama da 'yar ƙungiya bayan asara, abin da ake ce mata, abin da ba a ce mata, da yadda za a yi da bashin akwati idan dabbar da aka saya da shi ta mutu.

Ba akuya kawai ta mutu ba

Wanda bai san zaman karkara ba zai ce, ai dabba ce, a sayi wata mana. Ku kun san ba haka ba ne. Akuyar mace ita ce bankinta. Ita ake kaiwa kasuwa idan yaro ya kwanta zazzaɓi da damina. Daga ita ake fidda kuɗin makaranta, da gudummawar biki, da kwanuka da katifar 'yar da za a aurar. Sau da yawa ita ce kaɗai dukiyar da mace za ta ce tawa ce, ba ta maigida ba, ba ta gandu ba. Wata ma uwarta ce ta ba ta uwar garken lokacin aure, shekara goma sha tana haihuwa a hannunta.

To idan wannan ya tafi cikin 'yan kwanaki, abubuwa da yawa ne suka tafi tare. Shirin da ta yi na shekara ya rushe. Bakinta a cikin gida ya ragu. Ga kunyar bashi idan da rance ta saya. Ga kuma zargin kai: da na sani ban sayo waccan tunkiyar ba, da na sani na yi musu allura. Saboda haka kada kowa ta yi mamaki idan ta ga babbar mace tana hawaye a kan ɗan akuya. Ba raki ba ne.

Ku fara sanin cutar, don ta rage muku zargi

Cutar da ta fi share wa mata turke a ƙasashenmu ita ce annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR. An fara gano ta a ƙasar Kodebuwa a shekarar 1942, kuma 'yar uwar bushiya ce, waccan annobar shanu da tsofaffinmu ke ba da labari, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Alamominta su ne zazzaɓi, kwantsa a ido, majina mai kauri, gyambo a baki, tari, da zawo mai wari. Mai ciki tana iya yin ɓari. Ta fi tsanani a kan awaki da ƙananan dabbobi, kuma idan ta shiga garken da ba a taɓa yi wa rigakafi ba tana iya kashe mafi yawansu.

Abu uku muke so kowace 'yar ƙungiya ta riƙe. Na farko, ba ta kama mutum. Na biyu, daga dabba zuwa dabba take yaɗuwa, ta numfashi da majina da kwanon ruwa ɗaya da cuɗanya a kasuwa ko wurin kiwo. Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga zancenmu: dabba tana iya ɗauke da ita kwana huɗu zuwa shida ba tare da ta nuna komai ba. Ma'ana matar da ta sayo akuya lafiya lau ranar kasuwa, tana cin dusa tana tsalle, ba yadda za a yi ta san akwai cuta a jikinta. Ku maimaita wannan a taro har kowa ta ji, don maganar nan kaɗai tana sauke wa mutum rabin kayan da ya ɗora wa kansa.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar idan ta kama. Allurar da malamin dabbobi ke yi wa marar lafiya tana taimakawa ne wajen ciwon huhu da sauran abin da ke biyo baya. Amma akwai rigakafi mai kyau. Ana yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Tun 2015 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka sa burin kawar da cutar nan zuwa 2030, shi ya sa kuke ganin ana zagayen allura lokaci lokaci.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce. Ba kowace annoba ce ke ƙyale mutum ba. Idan dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura kuma ba ya daskarewa, kada a feɗe, kada a ci, kada a taɓa da hannu. Yana iya zama ciwon saifa, kuma yana kama mutane. Haka idan kaji suka mutu da yawa a dare ɗaya, a hana yara ɗauka. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta kuma dawowa Kano a 2015. A irin wannan, a sanar da mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma nan take.

Zuwa jaje

Mu Hausawa muna da abin da ake buƙata tun asali. Idan mutum ya rasu a je ta'aziyya, idan gobara ta tashi ko ɓarawo ya shiga a je jaje. Abin da ya rage shi ne ba mu cika ɗaukar mutuwar dabbobi a matsayin abin zuwa jaje ba, balle idan annobar ta taɓa kowa, kowa na ta kanta. Ƙungiya ita za ta gyara wannan.

Ku zaɓi mata biyu, kada su wuce haka. Taron mata goma a tsakar gida yana sa mai asara ta shiga hidimar shimfiɗa tabarma da kawo ruwa, ta haɗiye abin da ke ranta. A cikin biyun a samu wadda suke ɗasawa da ita, a samu kuma babba mai riƙe sirri. Kada a tura ma'aji ko mai rubuta bashi a zuwan farko, ko da kuwa ƙawarta ce, don da ta hango ta gabanta zai faɗi. Ku je lokacin da aiki ya yi sauƙi, kamar bayan azahar, ku nemi wurin da kishiya da yara ba sa ji. Idan kuna da dabbobi a gida, kada ku shiga wurin turkenta, kuma ku wanke hannu da takalmi da sabulu kafin ku koma wurin naku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2011 a kan taimakon farko ga wanda masifa ta girgiza, ta taƙaita aikin a kalmomi uku: duba, saurara, haɗa. Ba sai mace ta yi boko za ta iya ba.

Dubawa ita ce ki buɗe ido tun daga zaure. An ɗora tukunya yau? Yaran sun yi wanka? Ita kanta ta rame, ko tana zaune wuri ɗaya ta zuba tagumi? Akwai sauran dabba mai rai da ke buƙatar a ware ta? Wani lokaci abin da ake buƙata da gaggawa kwano biyu ne na gero, ba doguwar magana ba.

Sauraro shi ne mai wuyar. Mun saba idan mutum ya fara kuka mu yi maza mu rufe masa baki da haƙuri. Ki gaishe ta, ki ce, "Yaya, ashe abin da ya same ki ke nan. Sannu. Allah ya mayar da alheri." Sai ki yi shiru. Idan ta fara ba da labari, ki bar ta ta faɗa tun daga ranar da ta ga ta farko ta ƙi cin abinci, ko da kin riga kin ji labarin a bakin rijiya. Idan ta tsaya, ki ce, "Ina jin ki, Yaya," ko ki tambaye ta, "A cikin abin nan duka, wanne ya fi tsaya miki a rai?" Za ki sha mamakin amsar. Ke kina zaton kuɗin ne, ita kuwa abin da ke hana ta barci shi ne maganar da maigida ya yaɓa mata a gaban yara, ko auren 'yarta da aka sa bayan girbi. Idan ta yi kuka, ki bar ta ta yi. Idan ba ta son magana ranar, kada ki matsa, ki taya ta tsinkar zogale ko surfe, ki ce za ki dawo jibi. Kuma ki dawo ɗin.

Akwai maganganun da ake faɗa da kyakkyawar niyya amma suna ƙara ciwo. "Ai ke naki da sauƙi, wance goma sha biyu ta rasa." "Da kin ji maganata kin yi allura." "Haba, kamar ba mai imani ba?" Wannan ta ƙarshen ta fi kowacce zafi. Mace tana iya yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari kuma zuciyarta ta yi ciwo, ɗaya ba ya kore ɗaya. A yi addu'a tare, a tuna mata Allah, amma ba da sigar gori ba. Kada kuma ki yi alƙawarin da ba ki da iko a kansa, irin su "gwamnati za ta biya ku" ko "ƙungiya za ta yafe miki." Idan bai tabbata ba, kin ƙara mata asara ta biyu.

Haɗawa ita ce ki sada ta da abin da zai taimake ta: malamin dabbobi don sauran da suka tsira, asusun taimako na ƙungiya, 'yar uwarta da ke wani gari, malamar asibiti idan jiki ya fara amsawa. Ki tambaye ta, "Wa kike so ya sani?" kafin ki kai maganarta ko'ina. Abin da aka faɗa miki a ɗaki, a ɗaki zai tsaya. Ƙungiyar da sirrin mace ɗaya ya fita daga cikinta, sauran ba za su sake buɗe baki ba.

Yaushe ne abin ya wuce baƙin ciki na yau da kullum

A kwanakin farko, rashin barci, rashin son abinci, ciwon kai, faɗuwar gaba, saurin fushi da yara, duk ana ganinsu, kuma yawanci suna raguwa da kansu idan mutum yana da masu zama da shi. Wadda ƙirjinta ke bugawa ko numfashinta ke sama sama, ku zauna tare ku ja numfashi a hankali ta hanci har ciki ya taso, ku sake shi a hankali ta baki, kamar sau goma. Abu ne ƙarami amma yana kwantar da jiki.

Idan kuwa an wuce sati biyu kullum tana cikin ƙunci, ta daina sana'arta, ta daina zuwa taro da suna da biki, ba ta kula da kanta ko jaririnta, to a raka ta asibitin da ya fi kusa. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma ba hauka ba ne. Ku fi sa ido a kan mai ciki, da mai jego, da gwauruwa mai riƙon marayu, da tsohuwar da dabbobin nan su ne abincinta.

Wanda ba a jira da shi ko kwana ɗaya shi ne idan ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko ta ce yaran za su fi jin daɗi ba ita, ko ta fara rarraba kayanta. Kada ku ce wasa take yi. Ki tambaye ta kai tsaye cikin taushin murya, "Inna, kina tunanin yi wa kanki illa ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa don an samu wanda ya lura. Idan ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe maganin feshi da na ƙwari da na ɓera daga inda hannunta zai kai, a sanar da wani babba da ta yarda da shi a gidan, a kai ta asibiti a ranar. A wannan hali kaɗai ne ake fasa riƙon sirri, kuma a gaya mata za a faɗa. Idan ƙaramin asibiti ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai tura gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta Jihar Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano.

Maza ma abin yana cin su, sai dai su ba sa kuka a fili. Wanda shanun hudarsa suka mutu yana iya komawa shiru, ko faɗa, ko ya bar gari. Idan 'yar ƙungiya ta ce tun asarar nan maigida ya fara dukanta, wannan ba maganar "yi haƙuri" ba ce. A tambaye ta abin da take so a yi, a nemi babban da mijin ke jin nauyi, kuma a sanar da jami'ar da ke kula da ƙungiyarku. Kada a manta da yara. Yaron da ke kai awaki kiwo kullum yana iya ɗauka shi ya jawo, musamman idan an yi masa tsawa ranar. A kira shi a gaya masa cuta ce, ba laifinsa ba ne.

Maganar akwati

Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke watsewa, don haka mu tsaya a kai. Irin wannan tsari namu na asusu da rance ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda aka fara a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991, kuma tun can an gina shi ne a kan amana: kuɗin akwati na kowa ne, wadda ta ci rance za ta mayar. To ga mace ta karɓi, a ce, naira 40,000 ta sayi tunkiya, tunkiyar ta mutu. Yaya za a yi?

Ra'ayinmu shi ne kada a yafe bashin kai tsaye, kuma kada a matsa. Idan aka yafe wa ɗaya, gobe biyar za su zo da hujja iri ɗaya, ranar rabo a buɗe akwati a ga wayam, zumunci ya lalace. Idan kuma aka matsa, za ta sayar da hatsin gida ko tukunyar sana'arta, ko ta daina zuwa taro don kunya, ƙungiya ta rasa kuɗin ta rasa mutum. Hanyar tsakiya ita ce a ƙara mata lokaci, a raba biyan ƙanana ƙanana daidai ƙarfinta, a dakatar da tarar jinkiri, a bar ta ta riƙa zuba mafi ƙarancin zubi don kada sunanta ya fita daga littafi. Abin da za a ba ta kyauta ya fito daga asusun taimako, wanda dama don irin wannan rana ake tara shi, ba daga kuɗin rance ba.

Matsalar annoba ita ce ba ta zaɓar gida ɗaya. Asusun da zai ishi mace ɗaya ba zai ishi goma ba. Shi ya sa ya kamata a zauna tun lafiya lau a rubuta a dokar ƙungiya: idan cuta ta kashe dabbobi, nawa za a bayar, wa za a fara ba, wa zai je ya gani da ido. Dokar da aka yi kafin kowa ta san wa abin zai faɗa wa, ita ce ba a zargin son kai a cikinta. Kuma kada a tsayar da mace a tsakiyar taro ana lissafa bashinta. Shugaba da magatakarda su gana da ita tukuna, su ji abin da za ta iya, sannan a kawo wa taro a taƙaice.

Idan asarar ta taɓa mata da yawa, ku ware rabin awa bayan an rufe akwati, wadda ta ga dama ta faɗi abin da ya same ta, ba dole. Jin cewa wance ma ba ta barci yana rage kaɗaici. Shugaba ta tsare abu ɗaya: ba a kama sunan kowa a matsayin wadda ta kawo cutar. Da an fara "akuyar gidan wane ce," ko a ce hannu aka sa, ko a jingina wa Fulanin da suka sauka a bayan gari, ta katse maganar ta tuna musu kwanakin nan huɗu zuwa shida da cutar ke ɓoyewa. Su ma matan rugar da ke kawo muku nono wataƙila asararsu ta fi taku, jaje ya kamace su.

Masu zuwa jajen su ma mutane ne, wataƙila nasu turken ma ya taɓu. A riƙa canza su, kada a ɗora wa mace ɗaya gida goma.

Sake ɗaura turke

Kada a yi gaggawar sayen wata dabba don a share hawaye. A jira sai malamin dabbobi ya ce cutar ta wuce a garin. A kwashe tsohuwar shara da kashin wurin, a wanke kwanon ruwa da na dusa, a bar rana ta daki wurin sosai. Dabbar da ta kamu ta warke kada a yi saurin rabuwa da ita a farashin banza, don wadda ta tsallake PPR ba ta sake kamuwa da ita.

Ga wadda aka share wa turke kakaf, akwai dabarar da Fulani ke kira habbanaye, wadda ƙungiyoyin mata da yawa a Nijar suka ɗauka: mai sauran dabbobi ta ba ta aron akuya mace, ta riƙe har ta haihu ta yaye, 'ya'yan su zama nata, uwar ta koma wurin mai ita ko ta wuce hannun wata. Cikin akuya wata biyar ne, don haka kafin shekara ta zagayo turken ya fara motsi. A yi yarjejeniyar a gaban taro, a faɗi tun farko abin da za a yi idan uwar ta mutu ba da sakaci ba.

Duk dabbar da ta shigo gida daga kasuwa ko aro, a ɗaure ta daban da kwanonta har sati uku kafin a haɗa ta da sauran. Ku haɗa kuɗi a ƙungiyance ku kira malamin dabbobi ya yi wa na kowa rigakafi rana ɗaya, tunda kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce kuma ba ta jure zafi idan an haɗa ta. Magatakarda ta rubuta ranar a bayan littafin zubi, da adadin dabbobin kowace mace, da lambar wayar malamin.